Daga Ɗakin Horo Zuwa Bakin Aiki: Yadda Ake Zama Gwani a Kan Manhajojin Gudanar da Kamfanoni

Tsakure

Takardar nan ta yi nazarin tazarar da ke tsakanin kammala horo a kan manyan manhajojin gudanar da kamfanoni, irin su SAP da Oracle, da iya riƙe aiki a wurin da ake girka su. Ra'ayin da takardar ke karewa shi ne, abin da sabon mai satifiket ya rasa ba zai same shi a aji ba ko da an ninka masa darussa, domin ilimi ne na ita ma'aikatar da za a girka wa manhajar: bayananta, da al'adun aikinta, da dokokin ƙasar da take ciki. An kafa hujja da abin da ya faru a kamfanonin Target na Kanada da Lidl na Jamus da FoxMeyer na Amurka, da kuma binciken Lave da Wenger a kan koyon sana'a. Takardar ta nemi a shigar da 'yan koyo cikin ayyuka na gaske bisa tsari bayyananne, su faro daga ƙarshen aikin su nufi farkonsa, a kuma rubuta hakan a cikin kwangila.

1.0 Gabatarwa

Manhajar gudanar da kamfani, wadda aka fi sani da ERP, manhaja ce guda da ke haɗa asusu da saye da sayarwa da sito da biyan albashi a rumbun bayanai ɗaya, ta yadda da zarar mai kula da sito ya shigar da cewa kaya sun iso, darajarsu za ta bayyana a littafin akanta ba tare da an kai masa takarda ba. Kamfanin SAP, wanda tsofaffin ma'aikatan IBM su biyar suka kafa a Jamus a 1972, shi ne ya fi suna a wannan fage, musamman tun fitowar R/3 a 1992, kuma Oracle da Microsoft na cikin manyan masu gogayya da shi. A 2015 SAP ya fitar da S/4HANA, daga baya kuma ya sanar da cewa kulawar yau da kullum da yake ba tsohon tsarinsa za ta ƙare a ƙarshen 2027, sai dai wanda ya yarda ya biya ƙari a ɗaga masa zuwa 2030. Ke nan kamfanoni masu ɗimbin yawa na cikin ƙaura daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa, kowanne kuwa na neman ma'aikatan da za su yi masa jagora.

Duk da wannan buƙata, matashin da ya gama kwas ya ci jarrabawa yakan tarar da ƙofa a rufe. Tallan aiki a wannan fanni ya saba neman wanda ya taɓa yin aikin girkawa daga farko har ƙarshe, sau ɗaya ko fiye. Ba za a ɗauke shi ba sai ya taɓa yi, ba kuma zai taɓa yi ba sai an ɗauke shi. Masu horarwa kan ce ya ƙaro wani kwas, masu ɗaukar aiki kuma su ce horon ne ba shi da inganci. Takardar nan na ganin duka amsoshin biyu sun kauce wa inda matsalar take.

2.0 Abin da aji ke bayarwa da abin da yake cirewa

Ya kamata a fara da yi wa horo adalci. Ɗalibin da ya yi kwas mai kyau a sashen saye da sito ya san zagayen saye tun daga buƙatar da wani sashe ya gabatar, zuwa oda, zuwa karɓar kaya, zuwa takardar neman biya, har a biya mai kawo kaya. Ya san cewa a SAP lamba 101 ce ake amfani da ita wajen shigar da kayan da aka karɓa, 102 kuma wajen warware shigarwar. Ya san dalilin gwama takardu uku, wato oda da shaidar karɓar kaya da takardar neman biya, kafin a saki kuɗi. Wanda bai san waɗannan ba, ko zama a taron aikin ba zai amfane shi ba, don ba zai gane abin da ake faɗa ba. Horo shi ne ke ba mutum harshen sana'ar.

To amma a dubi inda ake koyon. Shekaru da dama ana horar da mutane a kan IDES, wani kamfani na ƙage da SAP ya shirya domin koyarwa, jami'o'in da ke ƙawance da SAP kuma suna amfani da Global Bike, kamfanin kekuna wanda shi ma na ƙage ne. A cikin irin wannan kamfani an riga an gama komai kafin ɗalibi ya zauna. An tsara jerin asusu, an ba kowane kaya nauyinsa da farashinsa daidai, kowane mai kawo kaya ya bayyana sau ɗaya tak da sunansa ɗaya, kuma kowace tambaya tana da amsa guda da malami ya sani. Dole ne a yi haka, in ba haka ba darasin ba zai koyu cikin 'yan makonni ba. Sai dai a wajen sauƙaƙawar an cire abubuwan da su ne ainihin aikin. An cire yanke shawara, domin wani ya riga ya zaɓi yadda za a saita manhajar, alhali a bakin aiki rabin wahalar ita ce zaɓen. An cire dattin bayanai. An kuma cire sakamakon kuskure, wanda a ganin wannan takarda shi ne mafi muhimmanci. A aji, idan ɗalibi ya ɓata wani abu sai ya sake sabo. A manhajar da kamfani ke aiki da ita kuwa, takardar kuɗin da aka riga aka shigar ba ta gogewa. Sai dai a shigar da wata ta warware ta, su biyun su zauna a littafi har ranar da odita zai zo ya tambayi dalili. Canjin saiti ma ba a yinsa kai tsaye. Ana yinsa a manhajar gini, a kai shi manhajar gwaji, sai an sa hannu sannan ya isa manhajar aiki. Ɗalibin da ya saba da ikon taɓa komai a aji yakan zo ya tarar ko duba wasu shafuka ba a ba shi izini ba, ya kuma ɗauka raini ne, alhali tsarin aikin ke nan.

Wannan ba sabon abu ba ne ga masu nazarin horar da ma'aikata. Baldwin da Ford, a bitar da suka wallafa a 1988 a kan yadda horo ke komawa aiki, sun nuna cewa abin ya rataya ne a kan halin mai koyo, da tsarin horon, da yanayin wurin aiki, wato ko yana samun goyon bayan na gaba da shi da damar aikata abin da ya koya. Muhawarar da ake yi a kan horon ERP takan tsaya a kan biyun farko, a ce ɗalibai ba su da himma ko manhajar karatu ta tsufa. Na ukun shi ake mantawa, kuma ba ya hannun makaranta.

3.0 Inda manyan ayyuka ke karyewa

Hanya mafi sauƙi ta gane irin ilimin da aiki ke buƙata ita ce a duba inda ayyukan suka lalace. Kamfanin Target na Amurka ya buɗe shagunansa a Kanada a 2013, a watan Janairun 2015 kuma ya sanar da rufe dukkan shagunan 133. Dalilan faɗuwar suna da yawa, amma binciken da mujallar Canadian Business ta wallafa a 2016 ya nuna cewa bayanan kaya na cikin manyansu. An buƙaci shigar da bayanan kaya kusan 75,000 a sabuwar manhajar SAP cikin ƙurarren lokaci, aka ɗora nauyin a kan ƙananan ma'aikata, da yawansu sababbin kammala karatu waɗanda ba a ba su isasshen horo ba. Aka riƙa sa awo da inci a gurbin santimita, ana musanya tsawo da faɗi, ana shigar da kuɗin wata ƙasa a gurbin na wata. Binciken ya ce da aka tantance, kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai na bayanan suka zama daidai. Sakamakon shi ne kaya jibge a manyan sito, kantoci kuma babu kaya a kan kanta. Manhajar ta yi abin da aka umarce ta. Abin lura a nan shi ne, waɗannan matasa sun iya shigar da bayanai, don ba wuya gare shi ba. Abin da ba su sani ba shi ne cewa lambar da suka sa a wani ɗan gurbi ita ce za ta ƙayyade kwali nawa zai shiga mota da kuma ko kaya zai zauna a kan kanta. Ba su kuma saba da cewa mai kawo kaya na iya ba da awon da ba daidai ba, ya zama wajibi a tuhume shi.

Labarin Lidl ya fito da wata fuskar. Wannan kamfanin kantuna na Jamus ya fara aikin girka sabuwar manhajar sarrafa kaya a kan SAP a 2011, ya dakatar da shi a 2018 bayan kashe abin da jaridun Jamus suka ƙiyasta da kusan Yuro miliyan 500. Daga cikin dalilan da aka ruwaito har da cewa Lidl ya saba ƙimanta kayansa da farashin saye, manhajar kuma an gina ta a kan farashin sayarwa. Kamfanin bai so ya sauya al'adarsa ba, sai aka shiga sauya manhajar, gyara na haifar da gyara. Babu wanda zai ce masu wannan aiki ba su iya SAP ba. Tambayar da ta kayar da su ita ce wadda Thomas Davenport ya yi gargaɗi a kanta tun 1998, cewa irin wannan manhaja tana zuwa da nata tunanin na yadda ya kamata a gudanar da kamfani, kuma tana ɗora shi a kan wanda ya saye ta. Wa zai sauya, kamfani ko manhaja? A ina za a tsaya? Wa ke da ƙarfin gaya wa shugaban sashe cewa hanyar da ya shekara ashirin yana bi za a bar ta? Ba a yin jarrabawa a kan wannan, amma shi ne aikin da ake biyan ƙwararren mai ba da shawara dominsa.

Soh da abokan aikinta, a nazarin da suka yi a asibitocin Singafo suka wallafa a 2000, sun nuna cewa rashin dacewa tsakanin manhaja da ma'aikata yakan ƙaru idan aka kai manhajar ƙasar da ba don ita aka tsara ta ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Matashin da ya koyi sashen asusu a kan kamfanin kekuna mai rassa a Amurka da Jamus, idan aka kai shi aiki a Kano zai haɗu da harajin kayayyaki na kashi 7.5 cikin 100, wanda ya tashi daga kashi 5 a watan Fabrairun 2020, da harajin da ake cirewa daga kuɗin ɗan kwangila kafin a biya shi. Idan kamfanin yana da reshe a Maraɗi ko Yamai, lissafi ya sake: Nijar na cikin ƙasashen OHADA, waɗanda ke da jerin asusu na bai ɗaya da doka ta tilasta, kuma kuɗin Sefa ba a rubuta shi da ɗigon ƙananan kuɗi kamar yadda ake rubuta Naira da kwabo. SAP na da hanyarsa ta musamman ta ajiye irin wannan kuɗi, kuma wanda ya loda bayanai bai kula da ita ba zai iya samun adadin ya ninku sau ɗari ko ya ragu sau ɗari. A ɓangaren gwamnati ma darasin ɗaya ne. Tsarin biyan albashi na IPPIS, wanda aka fara a 2007, ya daɗe yana jawo taƙaddama da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, wadda ta ce bai yi la'akari da yanayin aikin jami'a ba, kamar hutun bincike da malaman ziyara, har Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga cikinsa a watan Disambar 2023. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, batun da aka yi jayayya a kansa shi ne dacewar manhaja da ma'aikata.

4.0 A faro daga ƙarshe

Idan ilimin da ake nema yana cikin aikin ne, to tambayar ta koma yadda za a shigar da wanda bai iya ba cikin aikin da kuskure a cikinsa ke da tsada. Jean Lave da Etienne Wenger sun tattauna wannan a littafinsu na 1991 a kan koyo a cikin yanayin aiki, kuma ɗaya daga cikin misalansu shi ne telolin Vai da Gola na Laberiya. Yaron tela a can ba ya farawa da yanka yadi. Yana farawa da guga da ɗinke maɓalli da kalmasa, wato aikin ƙarshe a kan rigar da ta kusa kammala, sannan ya koyi ɗinki, yanka kuwa shi ne na ƙarshe. Hikimar ita ce, tun ranar farko yana aiki na gaske a kan kayan da za a ba mai shi, amma a wurin da ɓarna ke gyaruwa, kuma yana ganin rigar a kammale kafin ya san yadda ake haɗa ta. Wanda ya san shagon tela a ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Aikin girka ERP yana da matakai sanannu. Tsohon tsarin ASAP na SAP ya jera su daga shiri, zuwa zana yadda harkokin kamfani za su gudana, zuwa gini, zuwa shirin ƙarshe, zuwa fara aiki da tallafi. Sabon tsarin SAP Activate ya sauya sunaye da salon tafiya, amma jerin bai yi nisa da wancan ba. Kwas yakan ja hankalin ɗalibi zuwa saiti, don shi ne abin da ake jarrabawa a kai, shi ne kuma ake gani a matsayin aikin manya. Shawarar takardar nan ita ce ɗan koyo ya bi jerin a juye. Ya fara da teburin tallafi, inda ma'aikata ke kawo ƙorafi: takardar neman biya ta maƙale don farashinta ya saɓa wa na oda, an kasa shigar da kaya don an rufe watan, asusun da ke tsakanin karɓar kaya da neman biya ya ƙi daidaita a ƙarshen wata. Kowane ƙorafi darasi ne a kan yadda sassa ke cuɗanya, kuma a nan ne zai fara jin yadda sitokifa da akanta ke magana, waɗanda ba sa kiran abubuwa da sunayen da ke cikin littafin kwas. Daga nan ya shiga gwaji, ya rubuta matakan gwajin da kansa, ya zauna da ma'aikatan kamfanin lokacin da suke gwada manhajar kafin su sa hannu. Sai tsabtace bayanai da ƙaurar da su, inda zai tarar da mai kawo kaya ɗaya an rubuta shi sau huɗu da haruffa daban-daban, da kayan da littafi ya ce suna nan alhali sito babu su, ya kuma koyi cewa ba shi ne zai yanke hukuncin wanne ne daidai ba, sai ya nemo mai alhakin. Bayan wannan ne zai riƙe biro a tarukan zana tsari, yana rubuta abin da aka cimma, kafin a ba shi ƙaramin saiti a manhajar gini. Ranar da zai jagoranci taron da kansa, ya riga ya ga abin da shawarar da aka yanke cikin gaggawa ke haifarwa bayan shekara guda.

5.0 Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Suka ta farko ita ce, me zai hana a inganta kwaikwayon? Akwai ƙoƙari mai kyau ta wannan fuska. ERPsim, wanda aka ƙirƙira a makarantar HEC ta Montreal, yana raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya su gudanar da kamfani a kan SAP suna gogayya da juna, lokaci na tafiya, kasuwa na sauyawa. Wannan ya maido da yanke shawara da matsin lokaci, kuma ya fi bin umarni mataki-mataki nesa ba kusa ba. Malami na iya ƙara gurɓatattun bayanai da gangan, ya kamata ma a riƙa yin haka. Amma kwaikwayon yana koyar da amfani da manhajar da aka riga aka girka, girkawar kuwa wani aiki ne daban. Ba a kuma iya kwaikwayon shugaban sashen da ke ɓoye bayani don yana tsoron sabuwar manhaja za ta rage masa iko, ko fargabar daren da za a kashe tsohon tsari a kunna sabo alhali albashin mutane na jira.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma tarihi na bayanta. Kamfanin rarraba magunguna na FoxMeyer ya durƙushe a 1996, a 1998 kuma mai kula da kadarorinsa ya kai SAP da Andersen Consulting kotu, yana neman Dala miliyan 500 daga kowannensu. Cikin zargin da aka yi wa Andersen har da cewa ya mai da aikin filin horar da ma'aikatansa marasa ƙwarewa. Ƙaramar hukumar Marin ta jihar Kalifoniya ta yi wa Deloitte irin wannan zargi a 2010, kamfanin ya musanta, aka sasanta a 2013. Mai ba da kwangila na da gaskiya idan ya ce bai biya kuɗinsa don a koyi aiki a kansa ba. Frederick Brooks ma ya nuna tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara yana ƙara masa jinkiri, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne lokacin da tsofaffin hannu ke kashewa wajen koya wa sababbi. Sai dai a lura da ainihin ƙorafin da ke cikin waɗannan shari'u. Masu ƙarar sun ce an yi musu alkawarin ƙwararru, aka kawo 'yan koyo, aka caje su kuɗin ƙwararru. Laifin da ake zargi shi ne ɓoyewa da ɗora ɗan koyo a kujerar gwani. Duk kamfanin ba da shawara yana horar da sababbi a ayyukan abokan cinikinsa, domin babu wani wurin da zai horar da su. Bambancin kawai shi ne ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Idan kwangila ta bayyana adadin 'yan koyo, da ayyukan da za su taɓa, da gwanin da ke duba kowannensu, da rangwamen kuɗinsu, mai kwangila ya san abin da ya saya. Gargaɗin Brooks kuma yana nufin a shigar da su tun farkon aiki, ana lissafa lokacin koyarwa a cikin jadawali, kada a kwaso su lokacin da aiki ya riga ya cije. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Suka ta uku daga su 'yan koyon take fitowa, kuma takardar nan ba ta da cikakkiyar kariya daga gare ta. Za su ce teburin tallafi da shigar da bayanai rami ne, wanda ya faɗa ciki zai shekara biyar yana sake wa mutane kalmar sirri. Lave da Wenger da kansu sun kawo misalin da ke tabbatar da wannan tsoro: masu koyon fawa a manyan kantunan Amurka, waɗanda aka tsayar a kan injin naɗe nama a wani ɓangare daban, ba sa ko ganin yadda gwanaye ke yanka. Sunan koyo ne kawai, amfanin kuwa na mai kanti. Matasan Target ma aikin gefe aka ba su, amma ba gwani a kusa, ba kuma wanda ya nuna musu inda lambobinsu ke zuwa. Ke nan aikin gefe ba ya zama koyo sai da sharuɗɗa: ɗan koyo ya riƙa ganin aikin tsakiya da idonsa, a sa wa kowane mataki wa'adi, kuma a sami mutum mai suna wanda za a tambaya idan wa'adin ya wuce bai matsa ba. Inda babu waɗannan, sukar ta yi daidai.

Akwai kuma masu cewa zamani ya wuce wannan magana, tun da yanzu ana hayar manhajar ta intanet da tsari shiryayye, kamfani ne ke daidaita kansa da ita, ga kuma ƙirƙirarriyar basira na ɗauke ƙananan ayyuka. Idan saiti ya ragu, abin da ya rage shi ne lallashin mutane su sauya hanyar aiki da gyaran bayanai, wato daidai ɓangaren da aji ba ya koyarwa. Idan kuwa na'ura ta ɗauke rubuta matakan gwaji da amsa ƙananan ƙorafe-ƙorafe, to matakalar da ɗan koyo ke hawa ce aka cire, sai a gina masa wata da gangan.

6.0 Wa zai ɗauki nauyi

Kamfani ɗaya ba ya son ɗaukar nauyin horar da wanda gobe zai koma wurin abokin gogayyarsa ko ya bar ƙasar, kuma wannan lissafi ne mai ma'ana a wurin kowane kamfani shi kaɗai, ko da yake a dunƙule shi ke haifar da ƙarancin da kowa ke kuka da shi. Saboda haka dole babban mai saye ya sa baki, a Nijeriya kuwa gwamnati na cikin manyan masu sayen irin waɗannan manhajoji, kamar yadda IPPIS ya nuna. Ƙasar ba ta rasa tsare-tsaren da za a jingina da su ba. Asusun ITF ya kafa shirin SIWES tun 1973 domin ɗalibai su taɓa aiki kafin su gama karatu, ga shekarar hidimar ƙasa, ga kuma shirin 3MTT da aka ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku a fannonin fasaha. Sai dai aikin girka ERP a babban kamfani yakan wuce shekara, ɗalibin da aka tura na 'yan watanni kuwa yakan faɗo a tsakiya ya fita a tsakiya, sau da yawa ma ba a ba shi izinin shiga manhajar ba. Auna nasarar shirin horo da yawan waɗanda suka karɓi satifiket ma yana auna abu mafi sauƙin samu ne.

Kiran takardar nan ga hukumomin da ke ba da kwangilar manhaja shi ne su sa sharaɗin 'yan koyo a cikin takardar kwangila, da sunan mai kula da kowannensu da matakan da zai bi. Ga cibiyoyin horo da sassan jami'o'i kuma, kada su tsaya a ranar raba satifiket: su ƙulla yarjejeniya da kamfanonin girkawa, su kuma riƙa bayyana wa masu neman shiga adadin ɗalibansu na baya da suka kai ga aiki na gaske, kafin su karɓi kuɗin kowa.